Yadda sanatoci suka naɗa gwamnan Massachusetts a 1785, da rigimar da ta biyo baya

A farkon watan Afrilun 1785 mutanen jihar Massachusetts da ke Amurka sun kaɗa ƙuri'ar zaɓen gwamna, an ƙirga, an ga wanda ya zo na ɗaya, amma ba a ce shi ne gwamna ba. Sai da aka jira har ƙarshen watan Mayu majalisar dokoki ta zauna a Boston, sannan wasu sanatoci da ba su kai mutum arba'in ba suka yanke wanda zai hau kujera. Kuma ba maguɗi aka yi ba fa, haka dokar ta ce a yi. Abin da ya sa nake ganin labarin ya cancanci a tsaya a warware shi, shi ne cikin shekara biyu da wannan zaman sai ga manoma ɗauke da bindigogi suna rufe kotuna, kuma cikin abubuwan da suke kuka da su har da ita kanta majalisar dattawan da ta yi zaɓen.

Bari mu fara da dokar, don in ba a gane ta ba sauran ba zai zauna ba. Lokacin da jihohi 13 suka ɓalle daga Ingila a 1776, babu abin da suke tsoro kamar gwamna mai ƙarfi, saboda gwamnonin da sarkin Ingila ke turo musu sun gasa musu aya a hannu, su rushe majalisa in sun ga dama, su naɗa 'yan uwansu a muƙamai. Shi ya sa yawancin jihohin, irin su Virginia da Maryland da New Jersey da Karolina ta Arewa da ta Kudu, suka ce talaka ma ba sai ya zaɓi gwamna ba, majalisa ce za ta zaɓe shi ta riƙe linzaminsa. Massachusetts ta bi wata hanya daban. Tsarin mulkinta na 1780, wanda John Adams ne ya rubuta mafi yawansa, ya ce jama'a ne za su zaɓi gwamna kai tsaye, duk shekara, ranar Litinin ta farko a watan Afrilu. Amma da sharaɗi: dole ya samu sama da rabin duk ƙuri'un da aka kaɗa. Zuwa na ɗaya kawai bai isa ba. Idan babu wanda ya haye rabi, to majalisar wakilai za ta duba mutum huɗu da suka fi ƙuri'a ta tsamo biyu, ta miƙa sunayensu ga majalisar dattawa, su kuma dattawa su ɗauki ɗaya, shi kenan ya zama gwamna.

Wannan sharaɗin yana da dalili mai kyau, gaskiya. A lokacin babu jam'iyyu, babu zaɓen fidda gwani, babu takardar ƙuri'a bugaggiya mai sunayen 'yan takara. Mutanen gari za su taru a ɗakin taron garinsu, kowa ya rubuta sunan wanda yake so a 'yar takarda da hannunsa ya miƙa, shugabannin garin su ƙirga a gaban jama'a, a rubuta sakamako a liƙe shi a aika Boston. To ka ga a irin wannan yanayi ƙuri'a na iya warwatsewa kan mutum goma ko ashirin, wani ya zo na ɗaya da kashi ɗaya cikin biyar alhali sauran jama'a ba sa ƙaunarsa. Matsalar dai ita ce wadda tsarin mulkin Najeriya ya nemi magancewa da ya ce ɗan takarar gwamna sai ya fi kowa ƙuri'a kuma ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, in ba haka ba a sake zagaye na biyu. Bambancin shi ne a can ba a koma wa jama'a, majalisa ake miƙa wa wuƙa da nama.

To su wane ne waɗannan dattawan da ke da kalmar ƙarshe? Nan ne fa gizo ke saƙar. Majalisar wakilai ta garuruwa ce, kowane gari da ya kai adadin mutanen da aka gindaya yana iya tura wakili. Ita kuwa majalisar dattawa ba da yawan mutane aka raba kujerunta ba, da yawan harajin da kowane yanki ke biya aka raba, wato yankin da ya fi dukiya shi ya fi sanatoci, kuma dukiyar tana gabas ne, bakin teku, Boston da Salem da Newburyport, inda attajirai masu jiragen ruwa suke. Sannan kafin mutum ya zama sanata sai yana da gida ko gona ta fam 300, ko wata dukiya ta fam 600. Ɗan majalisar wakilai fam 100 ko 200 ya ishe shi. Gwamna kuwa sai mai fili ko gida na fam 1,000. Ko shi mai kaɗa ƙuri'ar sai yana da dukiyar fam 60 ko filin da ke kawo masa fam 3 a shekara, mata kuma babu su a lissafin. Mutum 40 ake zaɓa, daga cikinsu ake ɗebe har tara a mayar da su majalisar ba gwamna shawara, sauran su ne sanatoci. Da gangan aka tsara haka, masu rubuta tsarin ba su ɓoye ba, sun ce majalisa ɗaya ta wakilci mutane ɗaya kuma ta wakilci dukiya. Kuma wanda ya shugabanci taron da ya rubuta wannan tsarin mulki shi ne James Bowdoin. Riƙe wannan sunan.

Shekara biyar na farko ba a ma buƙaci wannan sashen ba, don John Hancock na nan. Shi ne mutumin nan da ya shugabanci majalisar ƙasa lokacin da aka ayyana 'yancin kai, mai ƙaton sa hannun nan a takardar 1776, attajiri ne na gaske amma talakawa na sonsa sosai, yana da hannun kyauta, yana son shagali da karusa mai ado, kuma ya san yadda ake kauce wa abin da zai ɓata wa jama'a rai. A 1780 ya kayar da Bowdoin warwas, daga nan duk shekara shi ke lashewa ba tare da wahala ba. Sai a farkon 1785 ya ce ya ajiye aiki, ciwon gaɓoɓi ya matsa masa. Ciwon gaskiya ne, ya daɗe yana fama da shi, amma masana tarihi da yawa suna ganin mutumin ya hango hadarin da ke haɗowa ne ya ja gefe tun kafin ruwa ya sauko. Mataimakinsa Thomas Cushing ya riƙe ƙwarya, kuma shi ɓangaren Hancock suka tsayar a zaɓen Afrilu.

Hadarin kuwa na kuɗi ne. An gama yaƙin neman 'yanci da Ingila, an sa hannu a yarjejeniyar Paris a 1783, amma jihar ta fito da bashi har wuya. Lokacin yaƙi gwamnati ta riƙa biyan sojoji da masu kawo mata kaya da takardun alkawari, su kuma sojojin da yunwa ta ci su suka sayar da takardun nan a wulaƙance ga masu kuɗi, don haka bayan yaƙi takardun sun taru a hannun 'yan tsiraru waɗanda yanzu suke jiran a biya su cikakken kuɗi da ruwa. Ingila ta rufe wa jiragen Amurka kasuwannin tsibiranta na Karebiyan, 'yan kasuwar Landan kuma suka ce ba za su ƙara ba da kaya bashi ba sai an kawo tsabar zinariya da azurfa. Attajirin Boston ya matsa wa mai kantin ƙauye, mai kantin ƙauye ya matsa wa manomi, shi kuwa manomin yammacin jihar da ya saba biyan bashinsa da hatsi ko alade ko aikin ƙarfi in kaka ta yi, ina zai samo azurfa? Hancock a zamaninsa ba ya matsa wa masu karɓar haraji, bashin haraji ya yi ta taruwa a kan garuruwa ana kawar da kai. Masu riƙe da takardun gwamnati wannan bai musu daɗi ba ko kaɗan, kuma ɗan takararsu shi ne Bowdoin.

Bowdoin ba mutumin banza ba ne, ya kamata a faɗi wannan. Mai ilimi ne, yana nazarin kimiyya, abokin Benjamin Franklin ne, shi ne shugaban farko na cibiyar fasaha da kimiyya ta Amurka da aka kafa a Boston a 1780, kuma ya tsaya wa gwamnonin Ingila tun kafin yaƙi. Ya yarda har zuciyarsa cewa sabuwar ƙasar da ba ta biyan bashinta ba wanda zai ƙara ganin mutuncinta. Amma kuma shi kansa yana cikin masu riƙe da takardun bashin jihar. Kamfen ɗin ya yi zafi a jaridu, mutanen Cushing suna cewa Bowdoin ɗan koren Ingila ne tunda 'yarsa tana auren John Temple, jami'in gwamnatin Birtaniya, su kuma mutanen Bowdoin, cikinsu har da Samuel Adams, ɗaya daga cikin jagororin neman 'yancin kai, suna cewa Cushing ɗan amshin shatan Hancock ne kawai, zai ɗumama masa kujera ne har ya huta ya dawo.

Da aka ƙirga, Bowdoin ne a gaba, Cushing na bin sa a kusa, Janar Benjamin Lincoln na uku, sai Oliver Prescott can baya. Duka ƙuri'un ba su kai 10,000 ba a jihar da mutanenta sun haura 300,000, kuma babu wanda ya haye rabi. Majalisar wakilai ta tura sunan Cushing da na Bowdoin, kuma a cikinta Cushing ya fi goyon baya. Majalisar dattawa ta ɗauki Bowdoin.

Yanzu a nan ina so mu yi adalci, saboda da sauƙi mutum ya ce an yi fashin zaɓe, kuma ba haka ba ne. Bowdoin shi ya fi ƙuri'ar jama'a, da a tsarin da yawancin jihohin Amurka ke bi yau ne ma da tun a Afrilu an gama magana. Kuma a 1786 ya sake cin zaɓe da ƙuri'ar jama'a kai tsaye ba tare da an je majalisa ba, duk da dai mutane kaɗan ne suka fito. Abin da ni nake gani ya fi wannan zurfi. Ranar farko da aka gwada sashen nan, majalisu biyu suka rabu, ta garuruwa ta karkata nan, ta dukiya ta karkata can, kuma ta dukiyar ce ta yi nasara domin ita aka ba kalmar ƙarshe tun a rubuce. Kowa ya ga haka da idonsa. Gwamnan da ya hau ta wannan ƙofar ya san su wa suka ɗora shi, manomin gundumar Hampshire ko Berkshire da ke yammacin jihar shi ma ya sani, kuma a daidai shekarar da babbar tambayar da ke gaban jihar ita ce wa zai biya bashin yaƙi, aka bar hukuncin a hannun majalisar da ta fi kusa da masu bin bashin. Wannan a ganina kuskure ne babba a ginin tsarin, ko da kowa a cikinsu yana da kyakkyawar niyya.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara karkatar da ma'aunin. Gari shi ke biyan wakilinsa kuɗin zama a Boston, to garuruwan yamma da talauci ya yi wa katutu da yawansu ba sa ma tura kowa, tafiyar kwanaki ce a kan doki, ga kuɗin masauki na makonni. Wato ko a majalisar wakilan ma muryarsu ba ta cika ba.

Bowdoin ya hau ya yi abin da ya ce zai yi. Aka matsa wa masu karɓar haraji su karɓo har bashin baya, a 1786 majalisa ta ƙara wani haraji mai nauyi wanda wani ɓangarensa sai da tsabar kuɗi, ga harajin kai da ake ɗora wa duk namiji daga shekara 16, wanda mai gona ɗaya da 'ya'ya maza huɗu ya fi jin zafinsa fiye da attajiri. Ka kwatanta mutumin da ya yi shekaru a fagen daga, ya dawo da takardar da ya riga ya sayar a kan abin da bai taka kara ya karya ba, yau an kai shi kotu kan bashin kanti, an ɗora masa kuɗin kotu da na lauya, ɗan sandan gunduma ya zo ya kora masa saniya da shanun huɗa an yi gwanjonsu a rabin kuɗi saboda babu mai tsabar da zai taya, in bai isa ba a kai shi kurkuku, sannan harajin da ake karɓa a hannunsa za a biya wanda ya sayi takardar tasa ne. Garuruwa suka yi ta aika takardun koke, a buga kuɗin takarda kamar yadda maƙwabciyarsu Rhode Island ta yi a shekarar, a bari a biya bashi da kaya, a rage kuɗin kotu. Majalisa ta tashi hutu a tsakiyar shekarar ba ta yi wani abin kirki a kai ba.

A watan Agustan 1786 wakilan garuruwa 50 na gundumar Hampshire suka taru a Hatfield suka jera koke-kokensu, kuma cikin abin da suka sa a gaba har da kasancewar majalisar dattawa ita kanta, so suke a soke ta, a kuma ɗauke zaman majalisa daga Boston. Ranar 29 ga watan mutane suka tare ƙofar kotu a Northampton suka hana alƙalai zama, don in kotu ba ta zauna ba ba a ƙwace gonar kowa. Daga nan abin ya bazu, Worcester, Concord, Great Barrington, Springfield. A wasu wuraren da aka kira sojojin sa kai na gari su tarwatsa su sai suka ƙi, saboda 'yan uwansu ne da maƙwabtansu. Sunan da ya fito a cikin jagororin shi ne Daniel Shays, manomi daga Pelham, tsohon kyaftin da ya yi yaƙi a Bunker Hill da Saratoga, kodayake ba shi kaɗai ba ne, akwai Luke Day da Job Shattuck da wasu.

Gwamnati ta amsa da doka mai tsauri kan tarzoma, ta dakatar da haƙƙin nan na a gurfanar da wanda aka tsare a gaban alƙali. Baitulmali babu kuɗi, gwamnatin tarayya ta lokacin kuma ba ta da wata rundunar soja ta kirki ba ta da ikon karɓar haraji, sai attajiran Boston sama da 100 suka yi karo-karo suka ba da rance aka haɗa runduna ta mutum dubbai. Wa aka ba jagorancinta? Benjamin Lincoln, wanda ya zo na uku a zaɓen 1785. Ranar 25 ga Janairun 1787 mutanen Shays suka nufi rumbun makaman tarayya da ke Springfield, Janar William Shepard da ke gadin wurin ya sa aka harba igwa, mutum huɗu suka mutu, kimanin 20 suka ji rauni, sauran suka watse. Lincoln ya bi su, ya yi tafiyar dare cikin dusar ƙanƙara ya afka musu a Petersham da safiyar 4 ga Fabrairu. Shays ya tsere zuwa Vermont. Majalisa ta yi dokar da ta hana waɗanda suka shiga boren kaɗa ƙuri'a ko riƙe muƙami ko koyarwa a makaranta ko buɗe masaukin baƙi har shekara uku, hatta Lincoln ɗin sai da ya nuna abin ya yi yawa.

Sai Afrilun 1787 ya zo, Hancock ya ce ya samu sauƙi ya dawo takara. Mutanen da suka fito sun ninka na 1785 kusan sau uku, ya samu kusan kashi uku cikin huɗu, Bowdoin ya sha ƙasa, ba a ko bi ta kan majalisar dattawa ba. Garuruwan da ba sa tura wakili suka tura, majalisar wakilai ta cika da sababbin fuskoki, aka sassauta haraji, aka yi wa kusan kowa afuwa. Mutum biyu, John Bly da Charles Rose, su aka rataye a watan Disamba. Shays ya samu afuwa a 1788, ya ƙare rayuwarsa a jihar New York a 1825. Tsoron da boren ya jefa a zukatan manya kuwa yana cikin abin da ya ƙara wa taron Filadalfiya na Mayun 1787 ƙarfi, inda aka rubuta tsarin mulkin Amurka da ake amfani da shi har yau.

Shi sashen dokar bai mutu ba, kuma a wasu wuraren ya yi abin da ya fi na 1785 ɗaure kai. A Vermont a 1789 Thomas Chittenden ne ya fi ƙuri'a amma majalisa ta ba Moses Robinson, shekara na zagayowa jama'a suka dawo da Chittenden. A Massachusetts kuwa da jam'iyyu suka kafu, musamman da ƙananan jam'iyyu masu adawa da bauta suka fara ɗebe ƙuri'u, sai zuwa majalisa ya zama kusan al'ada. A zaɓen 1850 George Briggs na jam'iyyar Whig ne ya zo na ɗaya, amma 'yan Dimokurat da 'yan jam'iyyar da ke adawa da faɗaɗa bauta suka haɗa kai a majalisa suka raba ganima, George Boutwell ya zama gwamna, Charles Sumner kuma aka tura shi majalisar dattawan ƙasa a 1851 bayan an yi watanni ana kai ruwa rana, don a lokacin majalisun jihohi ne ke zaɓen sanatocin tarayya. Sumner ya zama ɗaya daga cikin manyan masu yaƙi da bauta, ina jin daɗin hakan, amma hanyar dai cinikin bayan fage ce kuma wanda jama'a suka fi zaɓa ya tafi gida. A 1855 jihar ta gyara tsarin mulkinta, wanda ya fi ƙuri'a shi ne gwamna ko bai kai rabi ba.

Vermont ita ce har yanzu ta riƙe tsohuwar dokar. A zaɓen Nuwamban 2014 gwamna mai ci Peter Shumlin ya ɗan ɗara Scott Milne amma bai kai rabi ba, Milne ya ƙi janyewa, a Janairun 2015 'yan majalisu biyun suka zauna tare suka kaɗa ƙuri'ar sirri, Shumlin ya samu 110, Milne 69.